Mun Je Kama Bas A Ƙasar Tafkuna

Ran wata Lahadi cikin watan Yuli, bayan an tashi daga sujada a wata majami'a a birnin Toronto na ƙasar Kanada, muna tsaye a bakin ƙofa muna jiran ɗanmu, sai muka ji wani ya ce daga bayanmu, "Sannunku da zuwa. Ina gajiya? Yaya kuka baro mutanen gida?" Muka waiwaya, sai ga wani tsohon Bature, kansa fari fat, yana dogara sanda. Hausarsa kuwa irin ta kakanninmu ce, wadda ba a cika jin ta yanzu ko a gida ba. Ashe a wata tashar mishan ta ƙasar Kano aka haife shi, a can ya yi wayo, ya kuma yi aikin asibiti a Nijeriya shekaru masu yawa kafin ya koma ƙasarsu. Tun daga ranar nan muke ce masa Baba, shi kuma yana ce mana Malam da Uwargida. Mu biyu ne muke ba ku labarin nan. In an zo inda ɗayanmu ya yi abin kunya, za mu kira shi da sunan da Baba ya ba shi.

Haihuwa ce ta kai mu Kanada. Matar ɗanmu ta sami 'ya mace, muka je ganin jika, Uwargida kuma ta taya mai jego zama. Amma mun tarar da abin da ba mu saba gani ba. Ɗanmu ya ɗauki hutu daga wurin aiki, gama dokar ƙasar ta ba uba wannan dama. Shi ke wanke jaririya in ta ɓata jikinta, shi ke saɓa ta a kafaɗa da tsakar dare yana zagaya ɗaki har ta yi barci. Malam bai ce kome a gaban surukarsa ba, amma in mun shiga ɗaki sai ya yi ta gunaguni, wai an mai da masa ɗa mace. Shi kuwa ko ɗaukar jaririyar bai yi ba, sai dai ya leƙa ya sa albarka.

A Lahadi ta biyu Baba ya ce mana, "Ran Talata zan zo da asuba in ɗauke ku, mu je mu kama bas." Muka ce to, mun gode. Da muka koma gida Uwargida ta tambayi ɗanmu ko nawa ne kuɗin motar, don kada mu ɗora wa tsoho nauyi. Yaron ya yi ta dariya har da hawaye. Ashe bas ɗin nan ba mota ba ce, sunan wani kifi ne.

Mu dai 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Malumfashi. Iyakar abin da Malam ya sani game da su shi ne fatsar tarwaɗa a kududdufi sa'ad da yake yaro, da sandan kara da ƙugiyar da aka lanƙwasa daga fil. Uwargida kuwa ba ta taɓa sa ƙafarta cikin jirgin ruwa ba tun da aka haife ta.

Muka bar Toronto muka nufi arewa, tafiyar wajen kilomita 200, zuwa wani yanki da ake kira Muskoka. Da farko gonakin masara ne da garkunan shanu. Bayan kamar awa ɗaya da rabi sai ƙasa ta sake. Gonaki suka ƙare, dutse ya fito fili, jaja-jaja da toka-toka, har a wurare da yawa sai da aka fasa shi kafin hanya ta wuce. Ya tuna mana da duwatsun Jos, sai dai a nan kowane kwari cike yake da ruwa, kowane tudu kuma cike da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. An ce lardin Ontariyo kaɗai yana da tafki wajen 250,000. Masana sun ce ƙanƙara ce ta rufe ƙasar a zamanin dā, ta kankare ƙasar da ke kan dutsen, ta ƙwaƙule ramuka, da ta narke sai ramukan suka cika. Mu da muka san wahalar rijiya a watan Afrilu, shiru kawai muka yi muna kallo.

A wani ɗan gari mai suna Port Carling, inda jirage ke ratsawa daga tafkin Muskoka zuwa tafkin Rosseau, Baba ya tsai da mota ya nuna mana wani gefen ruwan. Ya ce a can ne Rowland Bingham ya kafa wurin taron koyar da Littafi Mai Tsarki a 1924. Wannan shi ne Bingham ɗin da ya sauka Legas a watan Disamba 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent, da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu. Abokansa biyu suka rasu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida, shi kaɗai ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa. Sai a 1902 aka iya kafa tasha ta farko a Patigi. Wurin taron ya daɗe da rufewa, yanzu manyan gidajen shan iska na masu hali ne suka kewaye tafkin. Duk da haka muka fita daga mota muka yi 'yar addu'a a tsaye.

Kafin mu wuce muka shiga wani kanti, domin ba a jefa ƙugiya a ruwan lardin nan sai da lasin. Iri biyu ne. Mai tsada ya ba mutum izinin tafiya da bas 6, mai araha kuwa 2 kaɗai. Muka yanki mai araha. A kantin nan ne kuma muka ga abin da har yau in mun faɗa a gida ba a yarda: ana sayar da tana, irin wadda kaji ke tonowa a bayan ɗaki, an zuba ta cikin 'yan kwalaye an jera a firiji.

Bukkar Baba ta katako ce, a bakin wani ƙaramin tafki. Yana da ɗan jirgin alminiyom mai inji. Kafin kowa ya shiga sai da ya ɗaura mana rigar hana nutsewa, ya ce doka ce a sami ɗaya domin kowane mutum a cikin jirgi, kuma a jirginsa ba a ajiye ta, sawa ake yi. Ya ce, "Magana ɗaya ce, Malam. Kome ya faru, kada ka miƙe tsaye." Uwargida ta zauna a tsakiya, ta ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu, bakinta yana motsi. Ba mu tambaye ta abin da take faɗa ba, mun sani.

Ruwan garau yake. Mutum yana iya ganin duwatsun ƙasa a zurfin da ya fi tsayinsa sau biyu. Baba ya kashe inji tun muna nesa da inda za mu, ya ƙarasa da filafili a hankali, ya ce, "Kun san abin da ake faɗa, kifi na ganinka mai jar koma. A nan ba karin magana ba ne. Yana ganinku tun ba ku gan shi ba, yana kuma jin duk ƙafar da ta bugi jirgi."

Ya bayyana mana cewa bas ɗin da aka fi sani iri biyu ne. Akwai mai babban baki, wanda yake son ruwa mai ɗumi da ciyawa da laka. Akwai kuma mai ƙaramin baki, wanda muka zo nema, shi ba ya son ƙazanta. Ruwa mai sanyi yake so, mai tsabta, mai duwatsu a ƙasa, gama a ƙarƙashin duwatsun nan ne abincinsa yake ɓuya, wani ɗan abu mai kama da jatan lande, mai hannuwa irin na ƙaguwa. Saboda haka in ka ga inda dutse ya gangara cikin ruwa, ko inda tsibiri ya miƙa hanci, can za ka jefa.

Sandan fatsarsu siriri ne, yana lanƙwasuwa kamar tsumagiya, yana da wani ɗan keke a gindi mai naɗe zaren roba. Sai ka danne zaren da yatsa, ka buɗe wata 'yar waya, ka wurga, ka saki yatsan daidai lokacin da sandan ya miƙe gaba. Baba ya yi sau ɗaya, ƙugiya ta tafi can nesa ta faɗa ruwa tsulum. Malam ya ce ai wannan ba wuya. Ya wurga da ƙarfin mai jifan tsuntsu a gona, ya manta bai saki yatsa ba, ƙugiya ta zagayo ta ɗauke hular Baba. Jifa na biyu ya sauka a reshen itace. Na uku ya shiga ruwa, amma zaren ya cukurkuɗe har sai da aka sa wuƙa. Baba bai yi dariya ba ko kaɗan. Uwargida ce ta yi, har ta saki gefen jirgin ba ta sani ba.

Can an jima Malam ya yi ihu ya kama. Sanda ya lanƙwashe, ya yi ta ja, gumi na zubowa, yana cewa wannan ai giwan ruwa ne. Baba ya duba zaren, ya ce, "Malam, abin da ka kama ya fi giwan ruwa. Ƙasar Kanada ce ka kama." Ashe ƙugiya ce ta maƙale tsakanin duwatsu.

Kifin farko na gaske ya zo ne ba da sallama ba. Malam yana jan tana a hankali kusa da ƙasa, kamar yadda aka koya masa, sai ya ji an ƙwanƙwasa sau biyu, kamar yaro a bakin ƙofa, daga nan zare ya fara tafiya gefe. Baba ya ce, "Ɗaga!" Yana ɗagawa, ruwa ya tsage, wani kifi mai launin tagulla ya yi tsalle sama, ya girgiza kai, ya tofar da ƙugiya, ya koma abinsa. Malam ya manta da gargaɗi, ya yunƙura zai miƙe, jirgi ya karkata har ruwa ya ɗan shigo. A nan ne kaɗai muka ji Baba ya ɗaga murya. Ruwan wurin ya fi mita 5, kuma babu wanda ya iya iyo a cikinmu. Muka zauna tsit na ɗan lokaci, kowa yana jin bugun zuciyarsa.

Waɗanda suka san su a Binuwai ko Neja za su gane in muka ce halinsa irin na tsage ne. Tarwaɗa takan nutse ta yi nauyi, shi kuwa sama yake fitowa. Dabarar ita ce kada a bar zare ya yi sako-sako sa'ad da ya yi tsalle, kada kuma a ja shi da ƙarfi, sai a bar sandan ya gajiyar da shi. Kafin rana ta take, Malam ya fid da guda biyu, kowanne bai fi tsawon takalminsa ba. Baba ya koya mana yadda ake riƙe shi, a sa babban yatsa a leɓensa na ƙasa, gama haƙoransa ƙanana ne, kaushi kawai suke da shi, amma ƙayoyin bayansa suna suka. Idonsa ja ne, jikinsa yana da ratsi-ratsi masu duhu daga sama zuwa ƙasa. Bakin kuwa ba wani ƙarami ba ne, ƙwan kaza zai kusa shiga. An dai ce masa haka ne don kusurwar bakin ba ta wuce idonsa ba, ta ɗan'uwansa kuwa ta wuce.

Muka sauka a wani tsibiri muka ci burodi a kan fā. Wani tsuntsun ruwa mai baƙin kai ya yi kuka daga nesa, kuka mai ban tausayi kamar na mai neman ɗansa. Baba ya ciro tsabar dala ɗaya ya nuna mana hotonsa a jiki, ya ce tun 1987 yake kan kuɗin ƙasar. Hira ta kai mu ga almajiran Yesu, yadda masunta ne na taru, da kuma wurin nan a Matiyu sura 17 inda aka aiki Bitrus ya jefa ƙugiya. Uwargida ta ce da Malam aka aika, da har yanzu masu karɓar haraji suna jira.

Bayan cin abinci Baba ya kai mu wani lungu inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ya nuna mana wani da'ira a ƙasa, fāɗinsa kamar babban tire, tsakuwarsa fes, alhali ko'ina kewaye da shi akwai laka. Ya ce gidan bas ne. In ƙanƙarar hunturu ta narke, ruwa ya fara ɗumi wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, namijin ne yake zuwa ya share wurin da wutsiyarsa. Macen ta zo ta zuba ƙwai dubbai, ta yi tafiyarta. Daga nan aikin duka na uban ne. Yana kaɗa wa ƙwan ruwa don kada laka ta rufe su, yana korar duk abin da ya matso, ko da ya fi shi girma. In sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan baƙaƙe ƙirin kamar an watsa gawayi, yana nan yana zagaya su. Yakan yi wajen wata guda a haka, ba ya cin abin kirki, har ya rame. A lokacin nan kama shi ba wuya, domin duk abin da aka jefa cikin gidan zai cafke don ya fitar. Amma in an ɗauke shi ko na 'yan mintoci ne, ƙananan kifayen da ke laɓe sai su faɗa wa ƙwan. Shi ya sa a yankin nan aka hana kama bas har sai Asabar ta huɗu a watan Yuni.

Muka ce ai mu ma muna da irin wannan. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, ba a taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da aka ba da izini. Baba ya ce ya taɓa zuwa, ya ga mutane da gora da koma sun rufe kogin.

Uwargida ba ta sa baki a zancen Argungu ba, tana ta kallon da'iran nan. Can sai ta ce, "Ashe, Baba, a ƙasar nan har kifi ma uba ne yake zaman jego." Ba ta dubi kowa ba. Malam ya shiga gyaran zarensa, wanda ba abin da ya same shi.

Rana ba ta faɗuwa a can a watan Yuli sai wajen ƙarfe 9. Da la'asar sakaliya iska ta kwanta, sauro ya fito, Baba ya ce yanzu ne manya suke matsowa bakin duwatsu. Ya ɗaura wa Uwargida wata 'yar roba mai kama da abincin nan nasu, ya ce ba sai ta wurga ba, ta sake ta kawai har ta taɓa ƙasa, ta riƙa ɗagawa kaɗan tana ajiyewa. Ba ta yi minti goma ba sanda ya sunkuya har bakinsa ya shiga ruwa, keken ya fara kuka, zare yana fita. Ta ce, "Wayyo, Malam, karɓi!" Baba ya ce, "A'a, Uwargida, naki ne. Riƙe." Kifin ya yi tsalle sau uku, ya bi ta ƙarƙashin jirgi, ya fito ta ɗaya gefen. Ita kuwa ta dafe gindin sanda a cikinta kamar mai riƙe da taɓarya, ta daina kiran kowa. Da ya gaji Baba ya sa 'yar koma ya ɗauko shi.

Tsawonsa santimita 48, nauyinsa kusan kilo 2. Wanda ya fi kowane girma da aka taɓa kamawa, a tafkin Dale Hollow na Amurka a 1955, kilo 5.4 ne. Amma a arewa, inda ruwa yake daskarewa watanni, kifin yana kwance a zurfi kusan ba ya cin kome, girmansa a hankali yake. Baba ya ce wannan ya haura shekara 10.

Uwargida ta ce madalla, mai jego ta sami farfesu. Baba ya mai da komar cikin ruwa don kifin ya sha iska, ya ce, "Doka ta ba ki, ba wanda zai hana ki. Amma bari in gaya miki abu biyu." Na farko, akwai zaiba da hayaƙin masana'antu yake kaiwa sama, ruwan sama ya sauko da ita cikin tafkuna. Ƙananan halittu su ci, kifi ya ci su, tana taruwa a jikinsa shekara da shekaru, don haka tsohon kifi ya fi yaro yawanta. Gwamnatin lardin tana fitar da bayani a kan yawan kifin da ya kamata a ci daga kowane tafki, ta kuma fi tsanantawa a kan mata masu haihuwa da yara 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙananan nan biyu na Malam sun fi dacewa da mai shayarwa. Na biyu, irin wannan babba shi ne yake cika tafkin. Muka tambaya ko mace ce ko namiji. Ya ce a wannan wata ba a ganewa da ido, ko dai uwa ce mai ƙwai dubbai, ko kuwa mai gadin wani gida irin wanda muka gani.

Gaskiya abin ya yi mana nauyi. A gidanmu ba a mai da abinci inda ya fito, kuma mun san gidajen da kifin nan zai ishe su miyar kwana uku. Malam ya ce ko mu biyu ma ci, ai mun wuce haihuwa. Uwargida ta yi shiru. Sa'an nan ta nemi Baba ya nuna mata yadda ake yi. Ta sa yatsa a leɓensa, ta tallabi cikinsa da ɗaya hannun, ta sunkuya a gefen jirgin da ɗazu take tsoron saki, ta riƙe shi cikin ruwa. Ya ɗan jima bai motsa ba. Can ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya watsa mata ruwa a fuska, muka bi shi da ido har ya ɓace tsakanin duwatsu.

Mun isa Toronto bayan sha biyun dare, da ƙananan kifaye biyu cikin ƙanƙara. Fitilar falo tana kunne. Ɗanmu yana zagaya ɗaki da jaririya a kafaɗa, idonsa ya yi ja don rashin barci, abincinsa na dare yana kan tebur a rufe bai taɓa ba. Uwargida ta wuce kicin da kifin. Malam ya wanke hannunsa sau biyu da sabulu, ya shinshina, ya sake wankewa, sa'an nan ya zo ya tsaya a gaban yaron ya ce, "Kawo ta nan, ka je ka ci abinci. Ta ina ake riƙe kan?"